Ladan Jinya: Nazari kan Masu Kula da Tsofaffi a Karkarar Arewacin Kano

A ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa, kamar Japan da Jamus da Ingila, akwai sana'a sukutum da aikin mai yin ta shi ne yi wa tsoho wanka, ba shi abinci a baki, juya shi a kan gado, kai shi banɗaki, da lura da duk wani sauyi a jikinsa don a sanar da malamin jinya. Horar da shi ake yi, a ba shi takardar shaida, a biya shi albashi. A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi da Minjibir ma ana yin waɗannan ayyuka duka, safe da yamma, rani da damina, sai dai ba wanda ya ɗauke su sana'a. Matan gida ne ke yi, da jikoki, da ƙananan ma'aikatan lafiya waɗanda aka ɗauka domin wani aikin daban, amma zaman tare ya ɗora musu wannan.

Tambayar da nazarin nan ya sa a gaba ita ce: me waɗannan mutane suke samu? In ka tambayi mai jinya a ƙauye, lada za ta fara ce maka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ra'ayina shi ne daɗin wannan aiki na gaske ne, ba rarrashin kai ba ne, amma akwai abubuwan da yake tsayuwa a kansu: mutum ya iya aikin, ya sami lokacin yin sa, ya sami mai karɓar sa in ya gaji, a kuma san shi ne ya yi. Tsarin da ya tanadi waɗannan a da yana zaizayewa, wanda zai gaje shi bai iso ba. A tsakani kuwa an mai da "Allah ya ba da lada" abin rufe bakin mai neman haƙƙinsa.

Gona da alkawarin da ba a rubuta ba

Dole a fara da gona, domin a wannan yanki ita ce fansho. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da bincikensu a Jami'ar Ahmadu Bello kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda cunkoson jama'a ya haura mutum 140 a kowace murabba'in kilomita, a kusa da birni ma ya ninka haka. Ba daji, ba saura. Kowace gona ana noma ta kowace shekara, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, ana ciyar da ita da takin awaki da tumaki da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Inda gona ta yi irin wannan tsada, dattijon da ke riƙe da ita ba abin yarwa ba ne ko da ƙarfinsa ya ƙare.

A kan haka gandu ya tsaya. 'Ya'ya maza su yi wa uba aiki, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka musu gayauna. Kashi na biyu na alkawarin ba a faɗar sa da baki: ranar da uban ya kwanta, gidan da ya cika da matan 'ya'ya da jikoki ne zai ɗauke shi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi ta wallafa shi a 1977, ta bayyana manyan gidajen da mutane gommai ke zaune a cikin katanga ɗaya. A irin wannan gida jinya ba ta faɗa wa mutum guda. Mai dama kunu daban, mai wanke shimfiɗa daban, mai kwana a ɗakin daban. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

Gonar ta ci gaba da rabuwa gado bayan gado, har rabon mutum ɗaya ya kasa ciyar da shi shekara. Samari suka ƙara nisa da daɗewa a cirani, wasu Legas, wasu Abuja da Fatakwal, wasu dako a kasuwar Dawanau, wasu tuƙin a-daidaita-sahu a birni. Abin lura shi ne lokacin tafiyar. Da an ɗaure amfanin gona ake watsewa, wato daidai shigowar hunturu mai tayar wa tsoho da tari da ciwon gaɓɓai, ba kuma a dawowa sai an ƙare bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 ya busar da jikin wanda ba ya jin ƙishi da wuri. Ɗan yana turo kuɗi, a je wurin mai POS a cira, a sayi magani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kuɗin ba zai tashi ƙarfe biyun dare ya juya mara lafiya ba.

Ba mu kaɗai muke a wannan hali ba. Isabella Aboderin ta yi bincike a Akara ta nuna cewa raguwar tallafin 'ya'ya ga iyaye ta fi nasaba da ƙuncin aljihu fiye da lalacewar tarbiyya: in abinci ya yi kaɗan, ƙananan yara ake fara dubawa. Sjaak van der Geest kuma, a Kwahu-Tafo ta ƙasar Gana, ya ga cewa kulawar da tsoho ke samu tana bin gwargwadon abin da ya yi wa 'ya'yansa tun da ƙarfinsa. Duka biyun akwai kamarsu a karkararmu, sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kai. A nan miji kan girmi matarsa da shekaru masu yawa, ga auren mace fiye da ɗaya, don haka tsoho namiji galibi yakan kwanta jinya da mace mai sauran ƙarfi a kusa da shi. Tsohuwa kuwa mijinta ya riga ta, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a wasu ƙauyuka. Wadda ke tsakar gida tare da ita matar ɗanta ce. Tsohuwar da ba ta da ɗa a raye kuwa sai yadda hali ya yi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na sa 'yan shekara 60 zuwa sama a kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya. Kason ƙarami ne, amma jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 9.4, wadda kuma ta ƙaru sosai tun daga lokacin, tsofaffinta ɗaruruwan dubbai ne.

Masu yin aikin

Tsarin lafiya na matakin farko da muke da shi ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978, ya kuma kafu a zamanin da Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Ƙashin bayansa su ne ma'aikatan lafiyar al'umma, manya masu karatun shekara uku da ƙanana masu shekara biyu, waɗanda makarantun fasahar lafiya na Kano da Bebeji suke yayewa. A ƙarƙashinsu akwai mataimaka masu shara da wanke kayan aiki da kiran layi, da 'yan sa-kai. Mutanen ƙauye ba su damu da waɗannan matakai ba: duk mai farar riga likita ne, ko malamar asibiti.

An gina tsarin ne domin uwa da jariri, kuma da dalili, ganin yawan mace-macen mata masu ciki da ƙananan yara a Arewa. Rigakafi, awon ciki, karɓar haihuwa, tamowa, shan-inna: nan kuɗi yake, nan horo yake, nan ake neman rahoto. Ko shirin wakilan lafiya na cikin unguwanni da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 nan ya fi fuskanta. Tsoho ta ƙofar baya yake shigowa. Mace ta kawo ɗanta allura, za ta fita sai ta juyo ta ce, "Malama, don Allah in kin tashi ki leƙa Inna, kwana uku ke nan ba ta iya tashi." Malamar ta je da abin awon jini a jaka, ba don yana cikin jadawalinta ba.

A babban asibiti ma, na Bichi ko Ɗambatta ko Gezawa ko na birni, al'adar ita ce mara lafiya ya zo da mai jinyarsa. Malaman jinya su ba da magani, su yi allura, su wanke ciwo. Ciyarwa da wanka da zubar da fo na 'yan jinya ne, masu kwana a tabarma a baranda. Wato aikin da a wasu ƙasashe ake ɗaukar ma'aikaci musamman dominsa, a nan ko a gadon asibiti na dangi ne, kuma ba kasafai ake tsayawa a nuna musu yadda ake yi ba.

Al'ada tana tsoma baki a kan wane hannu ne zai taɓa wane jiki. Tsakanin surukai akwai kunya, kuma kunyar ba ta gushewa don ɗaya ya kwanta. Matar ɗa ba za ta iya yi wa surukinta namiji tsarki ba, uwa tana iya ƙin ɗanta na fari ya ga tsiraicinta ko da za ta kwana cikin jiƙaƙƙen zane. Abin da ya daɗe yana warware wannan shi ne wasan kaka da jika. Jikar da kakanta ke kira amarya, ko kakarta ke kira kishiya, tana iya shiga ta ce, "Tashi tsohuwa, kin cika ɗakin nan da zarni," a yi dariya, a canza shimfiɗa, ba wanda ya ji an ci mutuncinsa. Ma'aikaciyar lafiya mai wayo takan ari wannan matsayi. In ta shigo a matsayin jika, sai a bar ta ta duba abin da aka ɓoye wa 'yan gida.

Abin da ake samu

Abu na farko, wanda kuma aka fi mantawa da shi in ana maganar lada, shi ne ganin aikin hannunka ya yi amfani. Mutane da yawa sun ɗauka jinyar tsoho jiran ajali ne kawai. Ba haka ba ne. Ɗauki wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. In aka bar shi a kwance gefe guda, cikin 'yan kwanaki fatar tsatso da ƙugu da diddige za ta fara ja, ta saɓule, ta zama gyambon da ke cin nama har ƙashi, kuma sau da yawa gyambon ne ke kashewa, ba shanyewar ba. Maganinsa ba ya kemis: juyawa duk bayan kamar awa biyu, busasshiyar shimfiɗa, tsumma mai laushi a tsakanin gwiwoyi, duba fata kullum. Haka ciyarwa. Wanda maƙogwaronsa ya raunana, in aka ɗura masa ruwa yana kwance, ruwan huhu zai nufa, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su biyo baya. A zaunar da shi, a ba shi kunu mai ɗan kauri cokali-cokali, a bar shi zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Matar da aka nuna wa wannan sau ɗaya, ta ga gyambo ya fara cikowa a hannunta, ba ta sake kallon kanta a matsayin mai kwasar ƙazanta. Ta san ta iya wani abu da maƙwabta za su zo tambaya.

Ga kuma ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce kan gaba, ita ke da alhakin fiye da kashi 40 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama. Ya kuma gano cewa fiye da 4 cikin kowane ido 10 da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su koma gani yadda ya kamata ba. Alhali a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka, kuma aikin ba ya ɗaukar lokaci. Ma'aikacin ƙauyen da ya lallashi dattijo ya haƙura da mai yawo da allura, ya haɗa shi da mota zuwa birni, ya gan shi bayan mako yana tafiya masallaci ba ɗan jagora, ya sami abin da ba kowane ma'aikacin ofis ke samu ba a duk tsawon aikinsa.

Sai rikicewa. Wani bincike da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya sami gigin tsufa a jikin kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Wannan cuta a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Amma tsohuwar da jiya take lafiya lau, yau ta tashi tana sambatu ba ta gane kowa, wani abu ne daban: sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko zazzaɓi, ko bushewar jiki, ko sugan da ya faɗi, kuma ana warkewa. Mai jinyar da ta san wannan bambanci tana iya ceton rai. Tana iya ceton suna ma, domin a wasu wurare tsohuwar da ke fita da dare tana kiran sunayen matattu ba ta da nisa da a jefe ta da maita.

Duk waɗannan sai wanda ya daɗe da mutum yake gane su. Likitan da ya ga Baba minti biyar bai san yadda yake jiya ba. Mai ba shi koko kullum ita za ta ce yau ya rage rabi, ko fitsarinsa ya tsaya, ko ya daina shan maganin hawan jini don ya ji sauƙi, ko yana haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki na kemis uku-uku, irin waɗanda ke cin ciki su raunana ƙoda. Clare Stacey, wadda ta yi nazarin masu kula da tsofaffi a gidaje a Amurka ta wallafa shi a 2011, ta ga cewa duk da ƙarancin albashinsu suna samun mutunci daga abubuwa irin waɗannan: ƙwarewar da su kaɗai suke da ita a kan mutum guda, 'yancin tsara aikinsu, da shaƙuwar da ke mai da baƙo ɗan gida. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba a kan addini ta gina bayaninta ba, amma ta iso kusa da inda mai jinyar Kunchi za ta iso.

Abu na biyu da ake samu amana ce. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga" a zaure, malamar asibitin da ta yi jinyar uwar gidan tana shiga har ƙuryar ɗaki. Ranar da ta zo da maganar rigakafi ko haihuwa a asibiti, maigidan da zai yi wa baƙo gardama ba ya yi mata. Ina ganin masu tsara shirye-shiryen uwa da jariri ba su lura da wannan ba: a gidan Bahaushe tsohuwa ce ke yanke shawarar ko a kai mai naƙuda asibiti ko a kira unguwarzoma, kuma wanda ya kula da gwiwarta ya sami kunnenta. Akwai ɗan abin hannu ma, ƙwan zabi, ƙwaryar gero da kaka, goro, amma wannan alama ce ta godiya, ba abin riƙe gida ba.

Akwai ilimin da ke zuba a ɗakin jinya. Tsoho mai dogon dare yana magana: iyakar gonar wane da wane, wace gawo ce shaida, yadda aka ci yunwar 1973, wa ya auri wa har dangantaka ta haɗu, wane saiwa ake jiƙawa don me. A yankin da rikicin iyakar gona kan kai mutane gaban dagaci da alƙali, jikan da ya zauna ya saurara ya gaji abin da ba a raba shi ranar rabon gado.

Sannan albarka. Ba na so in rage mata daraja da bayanin masana zamantakewa. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, sun kuma ambaci lokacin tsufansu musamman, sun hana ko da nuna ƙosawa. Wanda ya tashi da wannan a allo, in tsohuwa ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka," ya karɓi abin da a lissafinsa ya fi albashi. Irin wannan mutum in mara lafiyan ya cika a hannunsa, ya lakanta masa kalmar shahada, ya rufe masa ido, yakan ɗauki rashin da wata natsuwa da ɗan'uwansa da ya iso daga Legas bayan an binne ba ya samu.

Wa aka shafa wa albarkar?

Matsalar ita ce albarka ba kullum take sauka a kan wanda ya yi aikin ba. Ɗan da ya turo naira dubu ashirin shi ake ambata wa 'yan dubiya. Matarsa da ta yi wata shida tana wanke zannuwa, ta bar sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hular da take samun na sabulu, bayanta ya riƙe saboda ɗaga mutum ba dabara, abin da ake ce mata shi ne "sannu da jinya." In tsohuwar ta shiga gigi ta fara cewa an sace mata kuɗi ko an hana ta abinci, ita ce ta farko da za a kalla. In aka rasa hannu, yarinya ake cirewa daga makaranta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kulawa da ba a biya a duniya. Ba na zaton kason karkarar Kano ya gaza haka.

Paula England da Michelle Budig da Nancy Folbre sun nuna a 2002, da alƙaluman Amurka, cewa ayyukan kula da mutane ana biyan su ƙasa da wasu ayyukan masu buƙatar ilimi iri ɗaya. Folbre ta yi bayanin dalili guda da ya dace da mu ƙwarai: mai irin wannan aiki ƙauna ce ke ɗaure shi. Direba yana iya ajiye mota ya tafi yajin aiki. Wadda ta saba da tsohuwa ba ta iya barin ta cikin fitsari don ta nuna ɓacin rai, kuma duk wanda ke amfana da aikinta ya san haka. Shi ya sa ake samun masu takardar shaidar aikin lafiya suna sa-kai shekara da shekaru a ƙananan asibitoci suna jiran a ɗauke su, a lokacin da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a tarayya tun Yulin 2024, a Kano kuma 71,000. Daɗin aikin da kansa ya zama dalilin ƙin biyan sa.

A nan fiƙihu ya fi al'ada adalci, in da za a bi shi. Malamai da dama suna bayyana cewa hidimar iyaye a kan 'ya'yansu take, abin da matar ɗa ta yi kyautatawa ce daga gare ta, ba bashi ba. Ba ta cikin magada, gaskiya ne, amma saboda hakan ne ma ya halatta a yi mata wasiyya daga cikin sulusin dukiya, ko a ba ta kyauta tun mai abu yana raye. Akuya biyu, ko ɗan yanki a gona. Ƙofar a buɗe take, masu shiga ne ba su da yawa, kuma ban cika jin an tsaya a kanta a wa'azi ba kamar yadda ake tsayawa a kan biyayyar mace.

A takarda dai an fara motsi. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko da aka gina musamman a ƙasar nan, mai sunan Tony Anenih, an buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa, Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016. Ekiti ta taɓa gwada ba tsofaffi naira 5,000 a wata daga 2011. Duk waɗannan magani da katin asibiti suke saye, ko ɗan cefane. Babu wanda ke biyan awannin da ake kashewa a gefen shimfiɗa.

Wanda ya fara sa wa awannin farashi daga waje ya zo. A Fabrairun 2022 Ingila ta buɗe bizar aiki ga masu kula da tsofaffi, 'yan Najeriya suka shiga sahun gaba tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe, har da masu digiri suna neman takardar horo ta 'yan makonni. A Maris 2024 aka hana su tafiya da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare. Ba 'yan ƙauyen Makoɗa ne suka tafi ba, tafiyar ta fi ƙarfin aljihunsu. Amma abin ya nuna cewa aikin da muke ɗauka ba aiki ba, wasu sun auna shi da fam.

Ba gidajen gajiyayyu nake kira a gina ba. Ba Bahaushen da zai kai uwarsa can ya iya shiga jama'a, kuma a yankin da gida ke jikin gida ba a buƙatar su. Cunkoson nan da ya ƙuntata gona shi ne kuma ya sa mace ɗaya za ta iya zaga gida shida ko bakwai da ƙafa kafin azahar. Abin da ya rage shi ne a horar da ita na 'yan watanni, a haɗa ta da asibitin mazaɓa, Kano kuwa mazaɓu 484 gare ta, a ba ta safar hannu da leda da abin awon jini, aikinta ya zama koya wa 'yan gida da karɓar su na awa biyu su huta, a kuma biya ta. Hukumar Zakka da Hubusi, wadda ke nan tun 2003, tana iya zama hanya, domin waƙafi don jinyar gajiyayyu ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. Za a buƙaci maza ma, tun da dattijon da aka sa wa robar fitsari ba zai yarda mace ta duba shi ba, kuma wanzamai, waɗanda al'ada ta riga ta ba izinin taɓa jiki, sun fi kowa kusa da wannan gurbi.

An taɓa gwada makamancin haka ta wata fuskar. Shirin Mata don Lafiya, wanda Ingila ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya sa al'ummomin karkara sun zaɓi 'ya'yansu mata, aka ba su shekarar share fage, suka shiga makarantun unguwarzoma da na jinya bisa alkawarin za su dawo su yi wa garinsu aiki. Cikas ɗin da irin wannan tsari ke fuskanta sananne ne: budurwar da ƙauye ya horar, aure kan ɗauke ta zuwa wani gari. A aikin tsofaffi an fi samun mafita, domin ba ya neman sakamakon jarrabawar kimiyya. Zawarawa da matan da suka gama haihuwa suna nan a kowace unguwa, kulle ya sassauta musu, ba inda za su, kuma da yawansu sun riga sun yi jinyar miji ko uwa har ƙarshe.